Ranar da Hajiya ta taɓa kwaɓin Basine

Shekarun baya, ina shekara ta shida a Guangzhou ina sarin jakunkuna, na kawo mahaifiyata a yi mata aikin ido. Yanar ido ta rufe mata duka biyun, inuwar mutum kawai take gani. Na zaci samun biza ne babban aiki. Ashe babban aikin shi ne a sa Hajiya ta ci abinci.

Dambun naman da ta taho da shi ya ƙare a kwana biyar. Daga nan sai shayi. Na sayo tuwo a wajen 'yan uwanmu na unguwar Dengfeng, ta shinshina ta ture. "Tuwon namu ne, na ji. Naman wa ya yanka?" Na rantse har na gaji. Ranar Alhamis likita ya auna ta, ya ce jikinta ya yi rauni, in ba ta murmure zuwa Litinin ba, ba zai taɓa idon ba. Bizarta kuwa saura kwana goma sha biyu. Wallahi tsoro ya kama ni, don na ga zan mayar da ita Kano yadda na ɗauko ta.

Washegari muka yi Juma'a a Masallacin Huaisheng. Da aka fito ta ce ta ji ana cewa akwai kogi a garin, in kai ta. Na ce bari in tsayar da mota.

"Ido ne ya mutu, ba ƙafa ba. Mu taka."

Abin kunya, shekara shida ban san hanyar kogin ba. Kasuwar jakunkuna ta Shiling na sani, da wajen masu kago da ke aika min kaya gida, da gadona. Na riƙe hannunta ina raba ido kamar baƙon da ya sauka jiya. Muka bi lunguna, nan ana gasa dankali, can an jera busassun saiwoyi. Duk inda ƙamshi ya buso sai ta ja mayafi ta toshe hanci.

Kwatsam ta ja ta tsaya. Daga wani ɗan shago ake jin tim, tim.

"Kai, wa ke buga kwaɓi a nan?"

Da taliyar murji Hajiya ta rene mu. Shekara ashirin tana kwaɓa fulawa tana murzawa a tafin hannu, tana shanyawa a igiya. Na leƙa, sai ga wani dattijon Basine da farar hula yana jan kwaɓi, yana ninkawa, yana maka shi a tebur. Da ya gan mu ya yi sallama. Hajiya ta amsa har da wabarakatuhu, sannan ta ce in gaya masa tana son ta taɓa.

Ni da Sinancina bai wuce "lawban", wato mai gida, da "nawa ne" ba. Na yi ta nuni da hannu har ya gane, ya gutsuro ya ɗora mata a tafi. Ta latsa, ta ja, ta ɗan lasa.

"Akwai kanwa a ciki," in ji ta. "Mutumin nan ya san aiki."

Ta miƙo min jakarta, ta naɗe hannun riga, ta fara murji. Siririn silin taliya ya riƙa zubowa daga tafinta ba tare da ta duba ba, dama ba da ido take yi ba. Dattijon ya ajiye nasa, ya kira matarsa, suka tsaya suna kallo suna gyaɗa kai. Ya karɓi na Hajiya ya jefa a tukunya tare da nasa, ya zubo romo da yankan naman sa.

Na ce a hankali, "Hajiya, in ce ya cire naman?"

"Mutumin da ya yi min sallama, kuma ya san kanwa, shi zai ba ni mushe? Miƙo min ƙullin yajina."

Kwano biyu ta tashi da su. Na biya kuɗi, muka yi godiya.

Daga nan muka ci gaba da tafiya, da tambaya da nuni, har muka haye 'yar gada zuwa tsibirin Shamian. Na riƙa ba ta labarin abin da ke gabanmu: tsofaffin gidajen Turawa, manyan bishiyoyi masu saiwa a rataye, amare da fararen riguna ana ɗaukarsu hoto, jirage a kan ruwa. Ta ce, "Ka ajiye min su, zan dawo in duba ko ƙarya kake."

Asabar da Lahadi muka koma shagon, safe da yamma. Ranar Litinin likita ya ce a shirya ta.

Har yau in na tuna, dariyar kaina nake yi. Na yi sati ina rantse-rantse, ban taɓa tunanin in bar ta ta bincika da hannunta ba. Tun daga lokacin duk Juma'a a ƙafa nake komawa gida, kuma na san garin fiye da yadda na san shi a shekara shida.

Da aka cire mata bandeji, ba tsibirin ta fara nema ba. Shagon muka je. Dattijon ya ajiye mata kwano, ta ɗago silin taliya ɗaya ta kai saitin haske, ta daɗe tana kallo.

"Gaya masa ta yi daɗi," in ji ta. "Amma tawa ta fi siranta."