Ranar da Aka Naɗa Ni Gwamnan Sokode

Shekarar da annoba ta sa aka rufe iyakar Ghana da Togo ta Aflao, matata ta rame. Mahaifiyarta na kwance a Sokode, can cikin Togo, tsufa ya fara ɗauke mata sunayen 'ya'yanta, ga shi babu hanyar zuwa. Ni kuwa abin da na iya shi ne in tsere bes ɗinmu na Maamobi, bencin da muke shan ataya a bakin kwata.

Nan ne wata Asabar abokinmu mai sayar da kayan mota a Abossey Okai ya bugi cinya. "Chale, mu haɗiye Togo kawai! In ƙasa ɗaya ne, wa zai rufe boda?" Kafin a zuba ataya ta biyu mun ci Togo da yaƙi, ba wanda ya tashi daga benci.

Saura mulki. Muka kori jandarmomi, muka damƙa titunan Lome ga yaran trotro, motocin hayarmu, tunda su ba mai iya musu da su. Faransanci muka bar shi don zagi kaɗai. Telan da ke cikinmu ya rantse ba zai yarda a taɓa dogon burodin Togo ba, aka yi ta ihu har ladanin masallacin unguwa ya leƙo ya harare mu.

To, ɗan Zongo ba ya ganin mutum uku bai naɗa musu sarki ba. Aka fizgo tawul ɗin wanzamin da ke gefenmu, da jiƙarsa da komai, aka naɗa mini a ka. "Kai ne surukinsu, Sokode naka ne kuraa, gaba ɗaya!" Dariya na yi har atayar ta fito mini ta hanci. Wallahi na ji daɗin sarautar nan.

Da rawanina na shiga gida ina taku ɗaiɗai, yaran layi na bina suna tafi. Na tarar da matata tana sake ninke atamfar da ta saya wa tsohuwar. Na zayyana mata komai, har batun burodi. Ta yi dariya sosai, irin wadda na daɗe ban ji ba, har ta durƙusa ta kai gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, Gwamna," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Talaka ya kawo kuka. A buɗe mini hanya in ga Mma tun tana gane ni."

Na tsaya, ruwan tawul na gangaro mini a wuya. Ba ta tashi ba, amsa take jira.