Sarkin Rum da ya ƙi mutuwa a shagon tela

Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Shekara ashirin da wani abu ina kan hanya, bayana ya gama lalacewa, karatuna kuma bai wuce aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba. Amma na taɓa yin sarautar Rum kwana tara a shagon wani tela a unguwar Banifandu, kuma ban ga abin kunya a faɗar haka ba.

Shekarar ce da damina ta yi gardama, soja kuma suka karɓi mulki. Aiki ya tsaya mini, babu abin ɗauka. Mu huɗu muke zama bayan la'asar: telan, wanda Bazabarme ne haifaffen Gudel, wani tsohon mushe da ya bar koyarwa, wani mai sayar da tsofaffin tayoyi, sai ni, Bagobiri. Ɗan mushen ne ya bar masa tsohuwar odinata, wato kwamfuta, da zai tafi karatu, da wasan yaƙin Rumawan dā a cikinta. Gidan mushe babu kuran, wato wutar lantarki, shi ya sa aka ajiye ta a shagon tela, tsakanin keken ɗinki da tulin yadi.

Mushe ne ya kafa doka, don shi kaɗai ke karanta faransancin da ke fitowa. Ƙasa ɗaya ce, duk tamu. Wanda ke kan kujera shi zai yi ta wasa har sarkinsa ya mutu, sannan magajin ya koma hannun na gaba. In sarki ya mutu ba ka nan, an tsallake ka. Muka ja tsinken ashana: mushe na fari, tela na biyu, ni na uku, mai taya na ƙarshe.

Sarkin mushe bai daɗe ba, giwayen wasu mutanen ƙetaren teku suka tattake shi. Tela ya hau. Daga ranar na san wanda zai zama nawa, don akwai wurin da ake ganin fuskokin gidan sarauta: babban ɗan sarkin tela, saurayi mai dogon hanci. Kullum na zo sai na ce a nuna mini shi, kamar wanda ya ba da kiwon rago.

To, sarkin tela ya ƙi mutuwa. Ya yi sittin, ya yi saba'in. Tela ya kai shi wani gari mai ganuwa ya zaunar, ko leƙen yaƙi ba ya yi. Saurayina ya yi furfura ina kallo, har sanƙo ya fito masa.

"Bazabarme," na ce, "tazarce kake yi mana? Ba ka ga yadda ta ƙare wa masu ita a garin nan ba?"

"Kala suru, Bagobiri," ya ce, wato sai haƙuri. "Wa zai ba mai zane a fuska ƙasa? Ka sayar da ita ka sayi goro."

Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa ke nan, mun gaje shi, ba mai fushi.

Wata rana mai taya ya zuga ni muka yi juyin mulki. Tela ya fita auna wani alhaji a ƙofa, ni kuma na fito da sarkin nasa, shi da ƴan dogaransa, na tura shi kan rundunar wasu masu ja da sarauta. Tsohon nan ya shiga cikinsu ya watsa su. Mushe ya karanta abin da ya fito yana dariya har da tari: an ƙara wa sarki laƙabin jarumi, jama'a sun ƙara son sa. Tela ya dawo da tef a wuya, ya duba, ya ce, "Na gode, soja. Gobe ma ka zo."

Ana cikin haka aka kira ni aiki. Hatsin taimako za a kai gabas, can bayan Damagaram, tafiyar da ba ta kasa sati uku ba. Ba zan ƙi ba, gidana ma tuwo sau ɗaya ake yi a lokacin. Amma sarkin tela ya kai saba'in da takwas. Mai taya har ya fara shafa hannu.

"Mushe, ba za a ɗaga mini dokar ba?"

"Doka doka ce," ya ce. "Ni da na kafa ta ba zan fara karya ta ba."

Na dubi tela. Ko kansa bai ɗaga daga keke ba. "Allah ya kiyaye hanya," ya ce. "Ka gaida ƴan'uwanka."

Abin da na gani a hanyar nan ba zan zuba shi a nan ba. Shanu kwance a bakin kwalta, mata na tona gidan tururuwa don tsaba. Mun sauke buhu inda aka ce mu sauke. Abin da zan faɗa shi ne, ni da girmana, in na tsaya shan shayi sai in kama kaina ina tunanin wani mai sanƙo a Rum, ko yanzu yana hannun mai taya. Na ji kunyar haka, amma ya fi mini sauƙin tunani a kan abin da ke gabana.

Kwana ashirin da huɗu na yi. Na ajiye mota, na yi wanka, na nufi Banifandu don kawai in gaisa. Tun daga ƙofa na ji muryar mai taya.

"Ga shi nan. Zo ka ga zaluncin da ake yi mini."

Sarkin tela yana nan da ransa. Shekara tamanin da shida.

Mai taya ya zayyana mini komi, yana nuna tela da yatsa. Wai tun da na tafi tela ya koma wasa kamar hawainiya, kowane ƙaramin yaƙi sai ya yi shi da hannu, yana jera soja ɗaya ɗaya har a kira magariba. Duk da haka sau uku sarkin yana mutuwa. Da zarar hoton makoki ya fara fitowa, sai odinata ta mutu ɗif, tela ya ce kuran ya ɗauke. In aka kunna, sai a koma inda aka ajiye wasan jiya, tsoho na zaune lafiya lau.

"Kuran ya ɗauke, panka na juyawa a kanmu?" in ji mai taya. "Da babban yatsan ƙafa yake zare wayar. Na gan shi."

"Ƙafar tela ba ta zama wuri ɗaya," in ji tela. "Sana'a ce."

Na ce, "Mushe, kai ba ka gani ba?"

"Doka ta ce in sarki ya mutu," ya ce yana goge tabarau. "Ni ban karanta mutuwar kowa ba. Idona ya yi rauni."

Tela ya zuba mini shayi, ya jawo kujera. Ya fito da tsohon daga garin da ya shekara talatin a ciki, ya sa shi a ƙaramin jirgin ruwa shi kaɗai, ya tura shi tsakiyar jiragen masu giwaye. Wannan karon ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan benci, kowa ya gani. Hoton makoki ya fito, mushe ya miƙe ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe da muryar masu labarai na rediyo.

"Tashi ka hau, Bagobiri," in ji tela. "Na gaji da yi maka gadi."

Ban ce na gode ba, ba a yin haka tsakaninmu. Na ce masa kujerar ta yi ɗumi da yawa.

Sarkina ya hau yana da sittin da biyar. Suka yi ta ce mini in haye teku in rama wa mushe. Ban je ko'ina ba. Na sa mushe ya nuna mini hoton gona da na rumbu da na hanyar ruwa, na bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya ina ginawa. Ƙasar kore shar, ruwa na gudu. Mai taya ya ce an ba manomi Rum. Na ce e, an ba shi.

A rana ta tara mai sanƙona ya kwanta a gadonsa ya cika, ba wanda ya taɓa shi. Na ga tela ya fara miƙa ƙafa ƙarƙashin tebur, na taka ta.

"Bar shi," na ce. "Mai taya ya jira ya isa."