Tabar da Baba Ya Aike Ni Karɓowa

Mahaifina manomi ne a Kangire, kusa da Birnin Kudu, kuma tun da na yi wayo na san shi da lofe: 'yar tukunyar yumɓu mai dogon kara. Ba ya shan tabar kowa sai ta wani amininsa na Gwaram, wanda suka yi fataucin gyaɗa tare tun suna samari. Shi wannan Malam a fadama yake noma tabarsa, ya shanya ta a inuwa, ya yanka ta siri-siri, ya yayyafa mata ruwan zuma kaɗan, ya rufe a tulu. Duk kaka Baba kan hau jaki ya tafi can, ya kwana biyu, ya dawo da ƙunshinsa.

Da gwiwoyinsa suka gaza, sai ya koma aike.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ina aikin akawu a wani kamfani a Kano. Na yi aure, na sayi babur, kaina ya ɗan yi girma. Ana saura mako guda Babbar Sallah saƙon Baba ya iso ta bakin wani direba: in zan zo gida, in zarce Gwaram tukuna, in karɓo masa taba wurin Malam.

Raina bai so ba. Daga Kano sai ka zo Birnin Kudu kafin Gwaram, ke nan in wuce gida in dawo, ga hanya ba kyau. A makon ne kuma Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ba ni kyautar wani ɗan akwatin katako. Cikinsa tabar manya ce, kowace kauri kamar babban yatsa, ganye zalla aka naɗe, ba takarda. Na ce a raina, ina amfanin wahala? Ga wadda ta fi ta ƙauye sau goma.

Na sami Baba a zaure bayan La'asar. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ya ka baro Malam?"

Na ce, "Baba, ban samu zuwa ba. Amma ga abin da na kawo maka. Wannan daga ƙasar waje take."

Ya karɓi akwatin da hannu biyu, ya sa mini albarka. Ya zaro guda, ya shinshina, ya juya ta. Ya warware ta a tafin hannu, ya marmashe, ya cusa a lofe, ya ɗora garwashi. Zuƙa biyu ya yi tari ya sarƙe shi har idonsa ya kawo ruwa.

Da ya lafa sai ya yi murmushi. Ya ce, "Taba ce mai kyau, ba ƙarya. Amma ba don tukunya aka yi ta ba. Ka ga wannan, an bar ganyen ya daɗe a danne har ya yi ƙarfi, aka naɗe shi don ya ci kansa da kansa. In ka fasa ta ka zuba a lofe, zafi kawai za ka sha. Ta lofe kuwa tana son laushi da ɗan danshi, ta ci a hankali, kana zance tana ci."

Na ji kunya, amma kunyar ta tsaya a kan taba. Na ce in Allah ya yarda zan je Gwaram kafin in koma. Ban je ba. Gaishe-gaishen Sallah suka cinye kwanakin, na hau babur na nufi Kano.

Bayan wata biyu aka aiko mini Malam ya rasu.

Na zo ta'aziyya wurin Baba, na iske shi ya rame. A tsakar gida Inna ta ja ni gefe, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Kai kana tsammanin taba ta yanke masa? Je ka duba tulun ɗakinsa, ta bara ma ba ta ƙare ba. Ya ji labarin Malam na kwance. Shi ba ƙafa. So yake ka je Malam ya gan ka, ka dawo ka faɗa masa yadda idonsa yake. Rabon Malam da kai tun ranar sunanka, shi ya yi maka huɗuba."

Na ce, "Inna, me ya hana ya faɗa mini haka?"

Ta ce, "Mahaifinka ne. Yaushe ka taɓa jin ya ce yana kewar wani?"

Washegari na ɗauki Baba a bayan babur, muka kama hanyar Gwaram. Tafiyar da nake ganin wahala ce ba ta kai mu azahar ba. Yana riƙe da kafaɗata har muka isa. Babban ɗan Malam ya tarbe mu, ya kai mu maƙabarta. Sai da muka riƙe Baba ni da shi kafin ya iya durƙusawa. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dafa ƙasar ya ce, "Ga yaron nan na kawo maka. Ya zama mutum."

Ɗan Malam ya ce mahaifinsu ya yi ta tambaya ko baƙo daga Kangire ya iso, har ana saura kwana uku ya cika. Ba da niyyar ɓata mini rai ya faɗa ba. Bai ma san ni ne baƙon ba.

Baba bai taɓa yi mini maganar ba, ko da wasa. Shekara biyu ya ƙara a duniya, kuma duk ƙarshen wata ina zuwa, in zauna kusa da shi a zaure. Sau da yawa na buɗe baki zan nemi gafara, sai ya rigaye ni da tambayar farashin gero a Kano. Ranar da ya rasu ina wurin aiki. Kafin in iso har an kai shi.