Yadda Na Suturta Matan Teku a Akanda

Lalala

Ana idar da sallar Asuba muka fita, ni da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata mai shago a nan unguwar Lalala, a wata ƙasar waje da ake Faransanci. Shi ya taso ni daga Kano, bayan ya cika wa wata Madam Odile baki cewa ɗansa ya fi kowa iya zane. Ni kuwa iyakacina bayan manyan motoci: zaki, ɗawisu, doki. Madam tana so a zana mata bangon sabon gidan abincinta, yau ce ranar gwaji. In na faɗi, sunan Kawu ya ɓaci, ni kuma in koma gida da kunya.

A tsaye muka sha shayi da burodi, muka cusa kanmu cikin tasi, gari bai waye ba.

Batterie IV

A bakin Batterie IV, unguwar su Madam, jandarma ya tsayar da mu, ya juya takarduna, ya miƙo mini. A gidan Madam aka ba mu gahawa mai ɗacin tsiya, sannan ta buɗe wani ƙaton littafi, ta nuna mini zanen da take so in kwaikwaya. Kawu yana fassara mini Faransancinta: zanen mutanen Flanders ne, can Beljiyam, ya yi shekaru ɗaruruwa. Tsohon nan mai gemu da mashi mai baki uku shi ne Neptune, wanda Rumawan zamanin da suka ɗauka shi ke mulkin teku.

Kai, mutanen nan sun iya! Dawakan da ke jan tsohon kamar su yi haniniya. Sai idona ya sauka ƙasa, na ga mata zagaye da tsohon, ko ƙyalle babu a jikinsu.

"Kawu, ba zan zana tsiraici ba."

"Rufa mini asiri, Habu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Saka musu zane."

"A cikin ruwa? Dariya za ta yi mana."

Hanyar Akanda

Na yi tagumi a motar Madam da za ta kai mu gidan abincin, can Akanda. Sai hanya ta karya kwana, na hango shi. Teku! Ni da ban san ruwan da ya wuce madatsar Tiga ba. Na roƙi direba ya tsaya, na naɗe wando na shiga. Igiyar ruwa ta taso ta dake ni, farin kumfa ya rufe ni har ƙirji, ban ga ko cibiyata ba.

"Ka haukace ne?" Kawu ya daka mini tsawa.

"Na samu, Kawu! Wallahi na samu!"

Akanda

A jiƙe na kama zanen gwaji a kan katako. Tsohon na ɗaura masa jan mayafi, dawakan na sake musu linzami, matan kuwa na tayar da igiyar ruwa ta rufe su har wuya. Bayan La'asar Madam ta zo ta tsaya tana ƙare wa zanen kallo. Kawu sai share gumi yake.

"Ina jikin matan?" ta tambaya.

"Wanka suke yi, Madam."

Da Kawu ya fassara, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce da ma tana tunanin yadda iyalai za su ci abinci a ƙarƙashin wancan na littafin. Ta nuna bango ta ce Litinin in fara.

Mun iso Lalala ana kiran Magariba. Kawu bai bari na shiga ɗaki ba, sai da ya zaga da ni shago-shago yana cewa, "Ga ɗan nawa da na faɗa muku." Na gode wa Allah da ya fid da mu kunya, na gode wa Kawu da ya yabe ni tun bai ga hannuna ba.