Ƙotar bindigar babana

Shekarar da ciwon bushiya ya shiga shanu ce, har ungulaye suka ƙoshi a bayan Wuro Patuji suka daina tashi in mutum ya zo wucewa. A damunar shekarar kuma aka yi zaɓe. Ina da shekara arba'in da wani abu, ina noma dawa da gyaɗa a gindin dutse wajen Sahuda, kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci da rani. Na iya lambobi, baƙaƙe kuwa ina haɗa su da kyar.

Ina da bindigar toka da na gada wajen babana. Ba farauta nake yi da ita ba. Birai ne ke saukowa daga dutse in dawa ta fara ido, sai in ɗura albarushi in harba sama, su kwana biyu ba su dawo ba. Tana da takarda. Babana ya yi mata rajista tun zamanin En'e, takardar tana cikin gwangwanin taba a rufin ɗaki, ba abin da ya taɓa ta.

Kunamar bindigar ta saki, sai na naɗe ta a tabarma ranar kasuwar Mubi, na ɗaure a bayan keke zan kai wa maƙeri. Na sa takardar a aljihu. Kafin gada 'yan sanda sun sa shinge suna duba kaya saboda zaɓe. Ban jira an tambaye ni ba, na ce bindiga ce, ga takardarta.

Sajensu ya karanta, ya juya bindigar, ya sake juyawa.

"Ina lambar?"

Na nuna masa a takarda: uku, bakwai, ɗaya. Na ji daɗi ma da na karanta da kaina.

"Ba ta takarda ba. Ta jikin bindiga. Ana ƙona ta a ƙota. Wannan ƙotar ba ko ƙwarzane."

A nan na gane. A gidanmu, in mai bindiga ya mutu, ana raba ƙarfen da itacen. Ƙarfen na ɗa ne. Ƙotar kuwa, tunda ita ta sha gumin kafaɗarsa, da ita ake binne shi. Babana bai bi coci ba, bai bi masallaci ba, a zaune muka binne shi a kan dutse yadda aka yi wa nasa uban, ƙotar a kan gwiwoyinsa. Bayan bakwai na kai ƙarfen wajen masassaƙi ya yi masa sabuwa. Shekara shida ke nan a lokacin. Na san akwai zane a tsohuwar, amma ban ɗauke shi wani abu ba, kamar tsagen da ake yi wa ƙwarya ne a wurina.

Na faɗa wa sajen haka. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce in turo keken mu tafi.

Kwana goma sha tara na yi a tsare kafin a ba da belina. Malamin ajinmu ne ya samo mini lauya, wani ɗan ƙasar Michika, siriri, bai fi shekara talatin ba. Hausarsa irin tamu ce, ta kasuwa, don haka muka fahimci juna da sauri. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon ɗinki, ana jin ƙarar keken tela ta bango.

Ya ce, "Baba, zan faɗa maka gaskiya. Takardar nan ta mutu tare da mai ita. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona. Kuma duk shekara ake sabuntawa. Wannan laifin ba mu da hanyar musu."

"To me ya rage?"

"Babban ya rage. Mai gabatar da ƙara yana cewa sabuwar bindiga ce, maƙeri ya ƙera ta bana don 'yan bangar siyasa, kai kuma ka ɗauko takardar wata tsohuwa ka rufe ta da ita. In alƙali ya yarda da haka, gidan yari ne, ba na wata ɗaya ko biyu ba. In mun nuna ita ce ta takardar, sakaci ne kawai. Tara za ka biya, ka yi sabuwar rajista, wataƙila ma su mayar maka da abinka."

Na tambaye shi yadda za mu nuna.

"Wane itace ne tsohuwar ƙotar?"

"Ƙirya."

Ya ajiye biro. "Ƙirya ba ta ruɓa a shekara shida. Gara ma ba ta cinta. Lambar na nan. In muka kawo ta, aka ɗora ƙarfen ya zauna daidai, ramukan ƙusa suka haɗu, shari'a ta ƙare."

Na ce ai tana kabari.

"Na sani, Baba. Mu ma a dutsenmu ana irin wannan. Kakana da kwarinsa da bakansa ya tafi. Ba cewa na yi ka tona ba. Hanyar da na gani ce nake nuna maka, don kada wata rana ka ce na ɓoye."

Ya ba ni mako biyu in yi tunani.

Babbar da ta rage a gidanmu ita ce goggona, ƙanwar babana, tsohuwa mai shan lofe. Na same ta tana ɓarar gyaɗar iri, na zauna na faɗa mata duka. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"To in ka ɗaga dutsen me za ka ce masa? Baba miƙo, alƙali na kira?"

"Goggo, ɗauri ake magana."

"Na ji. Ai kunnena bai mutu ba, haƙora ne suka tafi. Kai da kake zuwa makaranta da furfura, ba su koya maka rubuta lambar a sabuwar ba? Uku ne fa ka ce."

Na ce wannan shi ne zai sa a ɗaure ni da hujja.

Ta zuƙi lofenta. Can ta ce, "Ni ba zan hana ka ba. Ubanka ne. Amma ba zan hau dutsen tare da kai ba, kuma ranar da na mutu kada ka sa hannu a nawa kabarin."

Na tambayi matata. Ta ce ita dai ciyawa ta ci rabin gonar a kwana goma sha tara, in lissafa abin da shekara za ta yi.

Na hau dutsen wata safiya, ni kaɗai, ban ɗauki fartanya ba. Kabarin na nan yadda muka bar shi, faifan dutse a kai, tulun da aka kife ya tsage gefe ɗaya. Na gwada gefen dutsen da hannu. Mutum biyu za su iya ɗaga shi, aikin bai fi na rabin yini ba. Ba tsoro na ji ba, na daɗe da barin waɗannan abubuwa. Abin da na gani shi ne ni na ɗora masa ƙotar a gwiwa da hannuna, a gaban mutane, na ce taka ce. Na cire ciyawar da ta fito a gefe, na sauko.

Da na faɗa wa lauyan, bai yi gardama ba. Ya ce, "To sai mu yi da baki. Amma ka sani bindigar ta tafi, ɗaurin kuma ban yi maka alkawari ba."

Ranar shari'a ya kira shaidu biyu, masassaƙin da goggona. Masassaƙin ya ce shi ya yi ƙotar, ya nuna inda gizagonsa ya zame ya ci itacen, ya ce shekarar da 'yarsa ta fari ta yi aure ce. Goggo ba ta jin Hausa sosai, da yarenmu Gude ta yi magana, tafinta yana juyawa. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ta ko ta ga lambar da idonta.

"Na ga zane. Ban san ko lamba ba ce. Na dai san itacen, don da shi yayana ya taɓa bugun karena."

Mutane suka yi dariya, alƙali ya buga tebur. Shi ba ɗan ƙasarmu ba ne. Ya tambaye ni kai tsaye ko na san cewa abin da zai wanke ni yana wurin da na san shi. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya ce me ya hana in kawo. Na ce na riga na ba mai shi.

Ya daɗe yana rubutu. Hukuncin da ya karanta da Turanci ne, lauyan ya juya mini a hankali. Ba a tabbatar sabuwar ƙira ba ce, ba a kuma tabbatar ita ce ta takardar ba. An same ni da laifin riƙe bindiga ba lasisi. Wata uku a gidan yari, har da kwanakin da na riga na yi, da tara, bindigar kuma ta zama ta gwamnati. Lauyan ya ce zai iya ɗaukaka ƙara, amma kafin a saurare ta na riga na fito. Na ce a bar shi haka.

Na fito an gama girbi. Abin da na rasa: bindiga ɗaya, wata uku, awaki huɗu da aka sayar don tara da ladan lauya, dawar gonar gindin dutse da birai suka cinye sai dami bakwai, gyaɗar da ta tsiro a ƙasa don ba mai cirewa, da zango ɗaya na aji. Keken an mayar mini, ba famfo.