Mai Ɗaure Mini Hannu

Shekara goma sha bakwai na yi ina dambe, kuma duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne ke ɗaure mini hannu. Yau idan muka haɗu a masallaci ko wurin jana'iza, sannu ce kawai tsakaninmu. Ni na jawo.

Unguwarmu ɗaya a cikin Daura, dukanmu 'ya'yan mahauta ne, tare muka fara shiga fili. Wata kaka muna samari muka bi ta Mai'adua muka tsallaka iyaka zuwa wani ƙauye da ake wasa. Mu biyu kaɗai ne daga garinmu. Aka haɗa abokina da wani ƙato mai wuya kamar na bajimi. Kalangu ya ɗauka. Abokina ya tsaya ya dubi mutumin, ya sake dubansa, sai ya juya ya keta jama'a ya faɗa cikin karan gero da hannunsa a ɗaure. Can bayan wani rumbu na same shi yana kuka, wandonsa a jiƙe. Na kwance masa zaren. Na naɗe masa wuyan hannu da tsumma, muka kamo hanyar gida. Na ce wa kowa turmi uku, wato zagaye uku, ya yi da ƙaton kafin hannun ya goce. Har mahaifinsa ya koma ga Allah bai san wani labari ba sai wannan.

Tun daga ranar bai ƙara shiga fili ba. Ya koma ɗaurin hannu kaɗai.

Wanda bai san dambe ba yana tsammanin ɗauri naɗa tsumma ne kawai. Idan aka matse da yawa jini ya tsaya, hannu ya mutu tun a turmin farko. Idan aka sassauta, yatsu su karye. Shi ya san inda kowane ƙashi yake kwance. Kuma akwai abin da muka gada daga manyanmu: zuciyar mai ɗauri tana bin zare ta shiga hannun wanda aka ɗaure. Shi ya sa ba a miƙa wa matsoraci hannu. Samari daga Zango, daga Sandamu, har daga Baure suna hawo babur su zo wurinsa, don sun ji labarin mutumin da ya yi turmi uku da hannu a goce. Da wannan ya ci, ya yi aure, ya yi suna.

Ni kuwa gwiwa ce ta fitar da ni. Na koma rumfar babana ina sayar da nama. Shi kuma yakan zo da hantsi ya zauna a benci gefena yana murza zare. Idan masu saye sun taru sai ya ɗago kai kamar bai san komai ba, ya kira ni da sunana na fili.

"Ƙato, wai gaskiya ne a Zango ka faɗi?"

"Ban faɗi ba. Ƙasa ce ta taso ta gaishe ni."

"To me ya sa ka daɗe a kwance?"

"Gaisuwar manya ai ba a gaggawa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Kullum haka. Shi ya jefo, ni in cafe. Ban taɓa lura cewa shi ne ke zaɓar lokacin jifan ba.

Wani saurayi ɗan boko ya ɗauke mu a waya wata rana. Bayan mako biyu ya dawo yana haki, ya ce duniya ta gani. Ya ce suna shirya wasan barkwanci a wani ɗakin taro rana ta uku bayan ƙaramar Sallah, irin wanda mutum ɗaya ke tsayawa da makirufo ya yi ta ba jama'a dariya.

"Baba, kai ai da abin aka haife ka. Minti ashirin kawai. Abin da kake yi a rumfa shi za ka yi."

Na ce to. Ban ko kwana da maganar ba. Shekara shida ke nan ba wanda ya yi mini tafi, kuma wanda ya saba jin sunansa a bakin kalangu ya san irin wannan yunwar.

Abokina bai hana ni ba. Ya dai ce in je in ga wani tsohon ɗan kama da ke zaune kusa da rijiyar Kusugu, mutumin da ya tsufa yana ba mutane dariya a kasuwanni da gidajen biki. Na je don kada ya ce na ƙi. Na sami tsohon a zaure yana gyaran wata tsohuwar jakar fata. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Shekara nawa ka yi kana riƙe wa manya riga kafin su bar ka ka shiga fili?"

"Huɗu, Baba."

"To ni kwana nawa ka kawo mini?"

"Goma sha biyu."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in biyo shi kaka uku. Kakar farko ba zan buɗe baki ba sai amshi. Ta biyu zai bar ni in yi magana a ƙauyen da ba a san ni ba, inda za a iya jifana da ɓawon rake. Na ce masa ni kullum mutane dariya suke yi a rumfata.

"Ɗana, dariyar rumfa kashi uku ce. Kashi ɗaya tsoron hannunka. Kashi ɗaya neman gyaran nama. Na ukun kuma na wanda ke zaune a benci ne."

Raina ya ɓaci. Na miƙe.

"Tsaya ka ji ɗaya kyauta," in ji shi. "Idan suka yi shiru, kada ka kai duka. Ka faɗi. Mu a sana'armu wanda ya fara faɗuwa shi ya ci wasa."

Na ɗauka tsufa ne. Shekara goma sha bakwai ana koya mini kada gwiwata ta taɓa ƙasa.

Ranar wasan abokina ne ya goyo ni a babur ɗinsa bayan azahar. Ya sa sabon farin yadi na Sallah. A ƙofar ɗakin taron an manna hotona da hannu a ɗaure, an ce mini sunana ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasa. Mutum biyu suka yi kafin ni, yara ne ƙanana a idona, ba wanda zai iya ɗaukar cinyar saniya. Amma na ga yadda suke jan magana, su saki, su tsaya, sai dariya ta zo daidai inda suka ajiye mata wuri. Ban gane aiki nake kallo ba. Na ce a raina idan waɗannan sun iya, ni ai wasa ne.

Aka kira ni. Aka yi tafi mai ƙarfi, na damben da ne. Na karɓi makirufo, na ji shi a hannu kamar ba komai, na rasa inda zan sa ɗaya hannun.

Na ce, "Wata rana a Zango ƙasa ta taso ta gaishe ni."

Shiru.

Ba wanda ya tambaye ni ko na faɗi, don haka maganar ta fito tsirara. Na ba da labarin wani Bafulatani da ya zo sayen hanta, na fara da ƙarshensa, na koma farko, na manta tsakiya. Ina jin kukan fanka a sama. Wayar wani ta yi ƙara, aka yi wa wayar dariya. Daga baya can wani ya ɗaga murya: "Baba, a auno mana tsoka!" Gumi ya cika mini ido. An karya mini haƙarƙari a fili, an fasa mini gira, ban taɓa jin abin da na ji a minti biyar ɗin nan ba. A dambe abokin karawarka mutum ɗaya ne, kana ganin idonsa.

Sai abokina ya miƙe daga layin gaba. Babban ɗansa na gefensa, da samari biyu cikin waɗanda yake ɗaure wa hannu. Ya kafa hannu a baki ya yi kira kamar muna rumfa.

"Ƙato! Wai gaskiya ne a Zango ka faɗi?"

Ceto ya kawo mini. Amsar tana bakina, na faɗe ta sau ɗari. Amma na riga na ɓarar da ita a farkon wasa, kuma mutane sun juyo suna murmushi suna jira su ga an kayar da ni. Jikina ya yi abin da ya saba. Idan an matse ka, ka duba inda yake a buɗe ka kai hannu.

Na ce, "Ni ko na faɗi, a fili na faɗi. Kai fa? Faɗa musu wanda ka yi turmi uku da shi. Ƙaton ne ko karan gero?"

Aka yi 'yar dariya. Ita ce ta farko da na samu. Na bi ta kamar kare ya ji ƙamshin mahauta. Na kwaikwayi yadda ya dubi ƙaton, yadda ya juya, yadda ya keta jama'a da hannu ɗaure a sama. Na yi gudun a kan dandamali da gurguwar gwiwata. Ɗakin ya kece. Mutane suna dukan kujeru. Wayoyi duk sun tashi sama. Na faɗi rumbun. Na faɗi kukan. Da na ga dariyar za ta sauka, na faɗi wandon.

Da farko shi ma ya yi dariya, don a ɗauka wasa ne. Da na kai kan tsumman da na naɗa masa da hannuna, sai ya zauna a hankali. Ɗansa ya tashi ya fita.

Bai tafi ya bar ni ba. Ya jira har aka tashi, ya tayar da babur, na hau baya. Ya kai ni har ƙofar gidana. Ana kiran magariba. Na sauka.

"Ka yi kisa, Ƙato," in ji shi. Ya juya babur.

Kafin mako ya zagayo abin ya shiga kowace waya. Samarin Zango suka daina zuwa. Na Sandamu suka koma wurin wani. Waɗanda ya ɗaure suka sha kaye a baya suka fara cewa dama sun ji hannunsu na sanyi. Ba wanda ya tuna waɗanda ya ɗaure suka yi kisa, har da ni, shekara goma sha bakwai. Bencin rumfata ya zama wayam.

Saurayin nan ya sake kirana wasa na biyu. Na je. Ba ni da wani abin faɗa, jama'a kuma suna ta ihu, "Gero! Gero!" Na sake ba su. Wannan ma dole in faɗa, don na farko ina iya cewa ruɗewa ce, na biyu kuwa da hankalina na yi. A wasa na uku kowa ya riga ya san labarin, ba wanda ya motsa. Ba a ƙara kirana ba. Na ji sun samo wani ɗan ƙwallo da ya karye a ƙafa, an manna hotonsa inda nawa yake.

Na haɗu da tsohon ɗan kaman a bakin kasuwa bayan wata biyu. Na so in kauce, ya riga ya gan ni.

"An nuna mini," in ji shi. "Kai mahauci ne, za ka gane. Mu namanmu muke yanka mu raba wa mutane. Kai akuyar maƙwabci ka kama."

Ya wuce da jakarsa.

Abokina ya koma tufka igiyar shanu yana kaiwa kasuwar Mai'adua. Da kaka ta zo aka sa dambe a can ranar kasuwa. Na ɗauko tsohon zarena da tsumma, na hau mota. Abin da na ƙudura shi ne ya ɗaure ni a gaban kowa in shiga fili, ko turmi ɗaya ne, ko za a ɗauko ni a kwance, samari su ga wanda na miƙa wa hannu. Na same shi a gindin wata bishiyar darbejiya, igiyoyi a shimfiɗe, Fulani da dillalai kewaye da shi. Akwai 'yan dambe uku a rumfar shayi kusa, sun gane ni.

Na tsuguna. Na ajiye zaren a gabansa. Na miƙa hannun dama.

"Ɗaure ni. Yau zan shiga."

"Ka yi shawara da gwiwarka?"

"Ba ruwanta."

Ya kama hannun. Ya juya shi, ya danna ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, ya tsaya a kan yatsan da ya taɓa karyewa a Baure. Na ɗauka zai fara naɗi. Sai ya sake shi.

"Wannan hannun bai taɓa yi mini laifi ba," in ji shi. "Buɗe baki in ɗaure inda cutar take."

Wurin ya fashe da dariya, har mai shayi. Ni ake yi wa. Na tsaya a tsugune na bar ta ta gama zuba a kaina, ban nemi inda yake a buɗe ba. Shi bai yi dariyar ba. Ya naɗe zaren, ya tura mini a aljihu, ya juya ga wani Bafulatani da ke taya igiya.

Zaren yana rataye a ƙusa a rumfata. Masu saye har yanzu sukan tsaya bayan na ƙulle musu nama, suna jira in ce wani abu. Ina ƙara musu gyara, in ce su gaida gida.