Marin da ya nemo min makulli

Jama'a, yau mari ne ya nemo min makullin mota!

Tun safe makullin tsohuwar Fijo tawa ya ɓace a unguwar Gurda, ga simintin mutane a baya. Da na gaji da nema, na ɗauko sukundireba da guduma na hau fasa gidan makullin.

Sai wani Balarabe mai shago ya finciko ni waje. "Harami! Ɓarawo!"

Na ce, "Ya Hajj, wallahi motata ce!"

Tas! Ya kwaɗa min mari, bakina ya fashe. Wani ya rarumo bulo. Marin kuwa ya sa hulata ta yi sama, sai ga makulli ƙwal a ƙasa! Ashe a cikinta na soke shi lokacin alwala.

Mai shagon ya gwada shi a ƙofar motar, ya yi daidai. Sai ya ce in yafe masa.

Na yafe. Ga makulli a hannu, gidan makullin kuma na riga na ragargaza!